Yadda Na Kayar da Tanti a Kan Dagaci

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta farkon damina ba, a bakin wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Bakori, ranar da na kayar da tanti a kan Dagaci, sannan na miƙe tsaye a gaban jama'a na ba da shaida a kan kaina da babbar murya, ina tsammanin asirin wani nake tonawa.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake, don ku gane sauran labarin. Ni mai wasiwasi ne tun ina ƙarami. In na kulle ƙofa sai na girgiza kwaɗon, in na yi taku goma sai in dawo in sake dubawa, don kada ya zama girgizar farko ce ta buɗe shi. Ko alwala nake yi, wanda yake jiran buta sai ya gaji ya tafi neman wata. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba. A lokacin gani nake duk duniya sakaci take yi, ni kaɗai ne mai lura.

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, wani kawuna ya samo mini gurbi a cikin ayarin masu awon ƙasa, waɗanda muke kira safiyo. Kafin nan, tun da na gama firamare ina Funtua ina taya babana noma. Aikin ayarin shi ne su auna inda za a fitar da hanya daga ƙauyuka zuwa kasuwar auduga. Shugabanmu Malam Iro, dogon mutum marar yawan magana, ya dube ni sama da ƙasa a ranar farko ya ce, "Gwaji ne. In mun dawo daga wannan fitar, ni zan ce a riƙe ka ko a sallame ka."

Na ce, "To, Malam."

Abin da bai sani ba shi ne, watana biyu da aure, kuma na riga na shaida wa surukaina cewa na zama ma'aikaci. (Ban ce musu gwaji ba ne. Ba su tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin tayar musu da hankali ba.) Saboda haka komawa Funtua da tabarmata a ka ba abu ne da zan iya ɗauka ba.

Aikina biyu ne. Da safe in riƙe doguwar sanda mai lambobi, Malam Iro yana leƙo ta daga nesa ta cikin na'urarsa. Sauran yini kuwa in kula da tanti. Tsohon tanti ne na zane mai kauri, ruwan ƙasa, mai ginshiƙi biyu da igiya goma sha shida, takwas a kowane gefe. A gabansa ana shimfiɗa tamfol a sama kamar rumfa, a ɗaure baki ɗaya a jikin tantin, ɗaya bakin a kan sanduna biyu. Cikin tantin nan Malam Iro yake kwana, cikinsa teburinsa yake, a kan teburin kuma akwai taswira, babbar takarda guda ɗaya wadda yake zana duk awon da muka yi a kanta da tawada.

Da muka sauke kaya muka warware tantin, sai muka tarar gara ta yi biki a sito. Igiyoyin duk sun zama gari, har da 'yan katakon da ake zurawa a jikinsu don ja da sassautawa. Malam Iro ya yi tsaki ya ce a nemo igiya a ƙauye. Nan ne Baba Nomau ya shigo labarin.

Baba Nomau Bamaguje ne, manomi, gidansa ne na ƙarshe kafin daji, kuma a gefen gonarsa muka yi zango, ƙarƙashin wata ɗorawa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gashinsa fari fat, tafin hannunsa kamar bayan itace. Shi yake tufka igiyar rama a wannan yankin. Ni kuwa ɗan gari ne, na tashi da jin labarai iri-iri a kan Maguzawa, rabinsu ƙarya, sauran rabin ma ban taɓa ganin wanda ya gani da idonsa ba. Duk da haka na riƙe su a raina, don mai wasiwasi ba ya zubar da komai.

Ya kawo igiyoyin, sababbi, suna ƙamshin rama, ya tsaya ya taya mu kafa tantin ba tare da an roƙe shi ba. Na zuba ido ina kallon hannunsa. Sai ya zagaya igiya a bayan turke, ya dawo da bakinta sama, ya naɗe jikin igiyar sau biyu ta ciki, sau ɗaya ta waje, ya zura bakin ya ja. Shi ke nan. Na sa hannu na taɓa ƙullin, sai na ji ya zame ya yi ƙasa.

Na ce, "Baba, wannan ƙullin ai tafiya yake yi."

Ya ce, "To, so kake ya zauna ya yi maka hira?"

"A'a, nufina bai kama ba."

"Ɗan Malam, tura shi da hannu, ya tafi. Yanzu ja igiyar da ƙarfinka duka."

Na ja. Ƙullin ya cije bai motsa ba. Na sake tura shi da yatsa biyu, ya zame sumul. Na sake ja, ya cije. Wallahi na fi minti goma a tsugune ina wannan wasa, har Audu Kuku, mai dafa mana abinci, ya leƙo ya ce ko ya ɗauko mini tabarma. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Yaya ƙulli ɗaya zai san bambancin hannun mutum da nauyin tanti? Na so in tambaya. Na kuma so in tambayi abin da ya fi muhimmanci, wato me ya sa ma ake son ƙulli mai tafiya tun farko. Amma sai na tuna ni ne mai takardar firamare a wurin, ni ne aka damƙa wa tanti, shi kuwa ko baƙi bai sani ba. Na haɗiye tambayata, na gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sani.

Sai dai raina bai kwanta da ƙullin nan ba. A wurina, abin da yake motsi bai ɗauru ba. Kullum in muka dawo daga awo sai na zagaya tantin sau uku ina taɓa kowace igiya. Mako biyu da 'yan kwanaki muka yi a haka, ba ruwa sai ɗan yayyafi sau ɗaya, tanti yana tsaye lafiya lau.

Ana nan sai awo ya nuna cewa hanyar za ta yanki kusurwar gonar Baba Nomau. Ni da kaina na riƙe sanda a tsakiyar kunyoyinsa. Yana tsaye daga gefe da fartanya a kafaɗa, yana kallonmu, bai ce uffan ba. Wannan shirun na ɗauke shi na ajiye a raina, tare da sauran kayan da na tara.

Ranar wata Laraba Malam Iro ya ce Dagaci zai zo bayan azahar tare da dattawa biyu, su ga taswira, su san gonakin da hanya za ta taɓa. Ya ce, "A share ko'ina. Kai kuma, tantin nan ya tsaya kamar gidan mutane. Aikin mako uku ne a kan teburin nan, ba ni da wata takardar."

Na share, na sake sharewa. Dagaci ya iso da babbar riga fara da rawani, dattijo mai fara'a, aka shiga ciki aka zauna. Ba a jima ba gabas ta fara duhu. Iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru, ƙamshin ƙasa ya taso daga nesa. Ina bayan ɗorawa ina kakkaɓe tsintsiya sai na hango Baba Nomau ya fito daga gona. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Sannan ya nufi tantin ta baya, a hankali, ba sallama.

Na laɓe.

Da idona na ga ya sunkuya a kan igiyar farko ya tura ƙullin ƙasa. Igiyar ta yi sako-sako. Ya wuce ta biyu ya yi mata haka. Ta uku, ta huɗu, har ya zagaye duka goma sha shida. Tantin da yake tsaye kyam ya saki jiki ya yi tamoji. Bai tsaya nan ba, ya je gaban tamfol ya sauke kusurwa ɗaya, rumfar ta karkace kamar hular ɗan tauri. Ya sake duban sama, ya saɓa fartanyarsa ya nufi gida.

Jama'a, zuciyata ta buga. Amma in faɗi gaskiya, har da daɗi na ji. Duk mai wasiwasi yana jiran ranar da za a ce ashe shi ne mai gaskiya. Na haɗa lissafina nan take: hanya za ta ci gonarsa, taswirar hanya tana cikin tanti, hadari ya haɗo, ga shi ya zo a ɓoye ya kwance igiyoyi. Har na gano dalilin ƙulli mai tafiya! Tun ranar farko ya shirya abinsa. Na ji kamar a ba ni rigar ɗan doka.

Na yi tunanin in shiga in gaya wa Malam Iro, amma yana tsakiyar bayani, kuma ban so a ce na ta da fitina a gaban baƙi. Na ce bari in gyara a asirce, in an tashi sai in ba da labari, a san irin mutumin da aka ɗauka aiki.

Na fara da igiyar farko. Na warware ƙullin Baba gaba ɗaya, na taka turke da ƙafa, na ja igiyar har jijiyar wuyana ta fito, na ɗaure ta da ƙulli irin na bakin buhu. Na ƙara wani a kai. Na ƙara na uku, don kada na biyun ya ji kaɗaici. Na kaɗa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zuba. Na koma kan tamfol na ɗaga kusurwar da ya sauke, na miƙar da rumfar ta yi daidai kamar teburi, don bai dace Dagaci ya fito ya ga abu a karkace ba.

Audu Kuku yana tattara tukwanensa ya ce, "Ja da kyau, Sarkin Igiya, kada ya gudu ya bar mu."

Na ce, "Za ka ji labari."

Ai kuwa ya ji.

Iska ce ta fara zuwa, mai ƙarfi, ta kwashi ganye da kara. Tanti ko gezau. Na tsaya ƙarƙashin tamfol na goya hannu a baya, ina jin muryar Malam Iro daga ciki yana cewa, "Nan ne rafi, ranka shi daɗe, nan za a sa kwalbati." Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye ina tsara kalmomin da zan faɗa in an yaba mini. Na yanke shawarar zan sunkuyar da kai in ce ai aikina ne.

Can sai na fara jin wata ƙara. Ƙiiƙ. Shiru. Ƙiiƙ. Kamar ana murɗa sabon takalmi. Na miƙa hannu na taɓa igiyar da take kusa da ni. Ta fi yadda na bar ta tauri. Na sake taɓawa. Tabbas ta ƙara tauri, ta kuma yi kauri a hannu. To, ni dai ban ƙara ja ba. Wa yake ja?

(Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci a nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini. A makaranta an koya mana sunayen kogunan ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba, amma ba a taɓa ambaton igiyar rama ba.)

Na fita cikin ruwa na zagaya bayan tantin da gudu, don in kama mai jan igiya. Ba kowa. Sai igiyoyi takwas a miƙe suna rawa, zanen tantin ya ɗame kamar fatar ganga, turaku kuma sun fara sunkuyowa cikin ƙasar da ta jiƙe ta yi laushi. Na tsaya baki buɗe ina kallo. Tsoro yana cina, amma wani sashe na zuciyata tambaya kawai yake yi: ta yaya igiya take jan kanta?

Fit! Turken farko ya tuge ya wuce ta gefen kunnena.

Nan hankalina ya dawo. Na faɗa kan igiya ta biyu don in sassauta ta. Ina! Ƙullina uku sun sha ruwa sun kumbura sun zama dunƙule ɗaya kamar dutse. Na sa farce, farce ya karye. Na sa haƙori. Ina durƙushe cikin taɓo, igiya a bakina kamar akuya, turke na biyu ya fita, na uku ya bi shi, sauran suka bi layi, fit, fit, fit. Na ɗaga kai na ga tamfol ɗin da na miƙar ya tara ruwa a tsakiya, ya yi tumbi kamar saniya mai ciki, yana jan gaban tantin ƙasa.

Na buɗe baki in ce a fito. Kafin murya ta zo, ginshiƙin baya ya kwanta, na gaba ya bi shi, tamfol ya juye duk abin da ya tara ta ƙofar tanti, komai ya rufta.

Abin da ya rage a gabana shi ne wani tulin jiƙaƙƙen zane da mutum huɗu suna motsi a ƙarƙashinsa, ana salati. Muryar Malam Iro ta fi ta kowa: "Taswira! Taswira! Kada a taka!"

Ni da Audu muka ɗaga gefe ɗaya na zanen. Dattawan nan biyu suka rarrafo, ɗaya ba hula. Malam Iro ya fito da tawada shuɗiya tun daga haɓa har ƙirji. Dagaci ne ƙarshe. Ya fito da gwiwa, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa a bayansa, ya rungume cikinsa da hannu biyu. Na ce shi ke nan, ginshiƙi ya fasa masa ciki, ɗaurin rai da rai ya same ni. Sai da aka kai shi gindin ɗorawa, ruwa ya fara tsagaitawa, sannan ya zura hannu ƙarƙashin babbar rigarsa ya zaro taswirar a naɗe.

Ya ce, "Malam, ga hanyarka. Ni dai na jiƙe, ita ba ta jiƙe ba."

Kafin nan mutane sun fito daga gidajen kusa, maza da mata, sun kewaye mu. Baba Nomau yana cikinsu da kabido, rigar ruwa ta kaba, a kafaɗa. Yana duban turakun da suka watse, yana duban sama, fuskarsa cike da mamaki. Na ce a raina, dubi yadda ya iya ɓoye laifi.

Malam Iro ya karɓi taswira, ya duba ta, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya juyo. "Wa yake kula da tantin nan?"

Da na yi shiru, da wataƙila an ce iska ce. Ƙasa ta yi laushi, hadari ya yi ƙarfi, ba wanda zai yi musu. Amma ni na riga na tanadi jawabi, kuma jawabi ba ya son a bar shi a ciki. Na matso tsakiyar fili, taɓo har gira, zaren rama a haƙorina, na durƙusa wa Dagaci, na miƙe, na ɗaga murya don na baya su ji.

"Ranka shi daɗe, ni ne mai kula da shi, amma na san wanda ya yi wannan aiki. Da idona na ga Baba Nomau ya zo ta baya kafin ruwa, ya sassauta igiyoyin nan duka. Saboda hanya za ta ci gonarsa! Ba don na bi bayansa na ɗaure su ba, da abin ya fi haka muni."

Wuri ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga ganyen ɗorawa. Na ɗauka nauyin maganata ne ya kama su.

Dattijon da ya rasa hula ya matso ya ce, "Yaro, ka ce ya sassauta?"

"Ƙwarai kuwa."

"Kai kuma ka bi ka ɗaure?"

"Tamau, Baba. Ƙulli uku-uku. Ko ɗaya ban tsallake ba."

"Igiyar rama? Hadari na bisa kai?"

"Har tamfol ɗin da ya karkatar, ni na miƙar da shi."

Wata tsohuwa ce ta fara. (Daga baya na ji uwargidan Baba Nomau ce.) Ta yi wata ƙara kamar an shaƙe kaza, ta dafa kafaɗar ta kusa da ita. Sai wurin ya fashe gaba ɗaya. Maza suna riƙe ciki, mata suna tafa hannu, Audu Kuku ya zauna daɓas cikin ruwa. Dagaci ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, ya toshe baki da jelar rawaninsa, amma kafaɗunsa suka tona shi.

Tsohuwar ta share hawaye ta ce, "Ɗan nan, ko akuya aka ɗaure da rama, in ruwa zai sauko ai sai an ƙara mata igiya. Jikata ma ta san wannan."

Dagaci ya ce, "Rama in ta sha ruwa tsukewa take yi, samari. Shi ya ba ta wurin da za ta tsuke. Kai ka hana ta, sai ta ɗebo turakun ta taho da su."

A lokacin nan na so ƙasa ta yi laushin da za ta haɗiye ni har wuya. Baba Nomau kuwa bai yi dariya ba. Ya tako har gabana, ya dube ni ba fushi, kamar yana duban wani irin ƙwaro da bai taɓa gani ba.

Ya ce, "Ɗan Malam, da ka gan ni ina yi, bakinka ciwo yake?"

Bai jira amsata ba, ya juya wajen Malam Iro.

"Kuma maganar hanya. Aradu, duk ƙauyen nan ba wanda ya kai ni son ta. Shekara nawa ina ɗora auduga a kan jaki, in kwana a hanya? In kun so ku bi da ita ta tsakar gidana."

Malam Iro bai yi dariya ba shi ma. Ya ce, cikin sanyin murya, wanda ya fi tsawa ciwo, "Tanti in ya faɗi a tashe shi. Amma ka tsaya gaban Dagaci ka ɗora wa dattijo sharri, mutumin da ya ba mu wurin zama. Mota za ta zo ran Litinin. Ka haɗa kayanka."

Fuskar surukina ce ta fara zuwa mini.

Baba Nomau ya tsuguna ya ɗauki igiya ɗaya, ya jujjuya dunƙulen ƙullina a hannunsa. Ya ce, "A'a, Malam, kada ya tafi tukuna. Wa zai kwance mini waɗannan? Kwana shida na yi ina tufkar igiyoyin nan, ba mai sa musu wuƙa. Wanda ya ƙulla shi zai kwance. In ya gama, ni zan koya masa na kirki. Ai yaron yana da ƙarfi, wurin sa shi ne bai sani ba."

Malam Iro ya goge tawadar haɓarsa. Can ya ce, "Saboda Baba. Hadarin da zai zo nan gaba shi ne jarrabawarka. In tanti ya tsaya, ka tsaya. In ya faɗi, ka bi mota."

Ranar Malam Iro a zauren Dagaci ya kwana. Ni kuwa washegari da sassafe na je gidan Baba Nomau na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, uwargidansa ta ba ni kunu, tana miƙo mini tana dariya. Yini biyu na yi ina kwance ƙulli arba'in da takwas da tsinken kara, yatsuna duk suka yi kanta. Duk wanda zai wuce gona sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, uku-uku."

Amma tambayata ba ta bar ni ba. Na samu ragowar igiya mai tsawon gaba biyu, na auna ta a jikin sandar awo, na tsoma ta cikin bokiti, na jira, na sake aunawa. Ta ragu da kusan faɗin tafin hannu. Na shanya ta, ta bushe, ta saki. Sau uku na maimaita. A wannan karon na ɗauki igiyar na je na tambaya.

"Baba, ina tsawon yake tafiya?"

Ya ce, "Yauwa, yau bakin ya warke." Ya warware bakin igiyar ya nuna mini zaren. "Kowane zare in ya sha ruwa ƙiba yake yi. To, a murɗe suke da juna, ba wurin da za su faɗaɗa. Sai su ci daga tsawo. Zanen tantin ma haka yake yi. Su biyu suna ja, turke ne a tsakiya."

Ya kama hannuna ya bi da shi: biyu ta ciki, ɗaya ta waje. Sai da na yi ya fi sau talatin kafin ya ce ya yi.

Muka sake kafa tantin da ƙulli irin nasa. Hadarin ya zo ran Asabar da hantsi. Da gabas ta yi duhu, na zagaya da kaina na tura ƙulli goma sha shida ƙasa, na sauke kusurwar tamfol don ruwa ya samu hanya. Tantin ya saki jiki ya yi muni, iska tana kaɗa shi yana lilo. Ban taɓa shan azaba irin ta wannan lokacin ba. Duk gaɓoɓina suna cewa je ka ja, ko ɗaya tak, ko kaɗan. Na miƙe sau biyu. A na uku Audu Kuku ya janyo ni ya zaunar a ƙarƙashin rumfa, ya dire mini ƙwaryar gyaɗa a cinya.

Ya ce, "Baba ne ya ce in ba ka. Ɓare. In ka tashi kafin ta ƙare, in zauna a kanka."

Ina ɓarar gyaɗa ina kallo. Ruwa ya sauko, igiyoyin suka yi duhu, suka fara miƙewa a hankali, ba hannun kowa. Tamojin zanen ya baje. Kafin in kai rabin ƙwarya tantin ya tsaya kyam, daidai wa daida, kamar wani ne ya bi ya gyara shi. Ruwan tamfol yana gangarewa ta kusurwa yana zuba abinsa. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni sha'awa kamar wannan ba, kuma duk aikin da na yi a ciki shi ne ɓarar gyaɗa.

Da ruwa ya ɗauke Malam Iro ya fito. Ya zagaya, ya taɓa igiya biyu, ya dubi turaku. Bai dube ni ba. Ya ce, "Jibi in mota ta zo za mu ƙaura gaba, wajen Matazu. Tanti yana hannunka. In rana ta fito igiyoyin nan za su saki, sai ka ja su. A lokacin ne ake ja."

Na ce, "To, Malam." Shekara goma sha ɗaya na yi tare da shi.

Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada. In ka ga dattijo yana ɓata maka aiki, tambaye shi kafin ka gyara. In kuwa ka riga ka gyara, abu ya rufta a kan Dagaci, to, don Allah ka bari wani ya fara magana.